Shin Ana Yi Wa Na'ura Ƙarya?

Mu ɗaliban harshe an saba yi mana gori cewa sana'armu ba ta wuce surutu ba. 'Yan'uwanmu na sashen injiniya sukan ce su ne masu ƙera abu, mu kuwa sai dai mu biyo baya mu raɗa masa suna, mu yi masa kirari. To, ga wani al'amari ya taso a zamanin nan, inda 'yan layuka uku ko huɗu na rubutu su ne ke tsakanin lafiyayyen inji da bugagge, kuma ina ganin ya kamata mu sa baki, domin magana ce ta ma'ana, ta gaskiya da ƙarya, da ta alhaki. Tambayar da nake so mu tattauna ita ce: idan aka rubuta kwatancen wani kayan aiki domin na'ura ta karanta ta yi aiki da shi, da wane ma'auni za mu ce kwatancen ya yi kyau ko bai yi ba? In kuwa bai yi ba, wa aka cuta?

Bari in fara share fage, saboda wanda bai saba da waɗannan abubuwa ba. Manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira da ake hira da su, da farko magana kaɗai suka iya: ka tambaya, su amsa, shi ke nan. Daga baya aka ba su hannu, watau aka ba su damar kiran wasu manhajoji su aiwatar da abu, kamar aika wasiƙa ko buɗe fayil ko sarrafa wani inji. A watan Nuwamba na 1924 ba a san da wannan ba, amma a Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic na Amurka ya fitar da wata ƙa'ida mai suna MCP domin tsara yadda za a riƙa haɗa su da kayan aiki, a cikin 2025 kuma wasu manyan kamfanoni irin su OpenAI da Google suka karɓe ta. A ƙarƙashin wannan ƙa'ida, kowane kayan aiki ana gabatar da shi ne da sunansa, da ɗan rubutun da ke kwatanta shi, da jerin guraben da za a cike kafin ya motsa. Ni a nan zan riƙa kiran irin wannan manhaja "ɗan aike", domin aikensa ake yi, ya je ya yi, ya dawo ya ba da labari. Abin lura shi ne, ɗan aiken nan bai taɓa ganin kayan aikin ba, bai taɓa riƙe shi ba. Iyakar saninsa game da shi su ne waɗannan 'yan layuka. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, to wannan ɗan aike ji kaɗai gare shi, babu ranar da gani zai zo ya kore shi.

Na zaɓi in yi misali da abin saitin injin mota, domin a nan kuskure ba ya ɓoyuwa. A zamanin kafireta, bakanike da sukudireba da kunnensa yake saiti. Ya ɗan juya, ya saurara, ya taka totur, ya leƙa salansa ya ga launin hayaƙi, ya sake juyawa. Motocin yanzu kuwa wata 'yar kwamfuta ce ke wannan aiki, wadda ake kira ƙwaƙwalwar mota. A cikinta akwai jadawalai na lambobi masu faɗa wa inji yawan fetur ɗin da za a fesa a kowane hali, da daidai lokacin da fulogi zai ba da wuta. Ana shiga wurinta ta wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996. Saiti a yau shi ne canza waɗannan lambobi. Fetur yana ƙonewa sarai ne idan aka gauraya awo ɗaya nasa da awo 14.7 na iska, a bisa nauyi. Idan man ya yi ƙaranci alhali inji na jan kaya, sai zafi ya yi yawa. Idan kuma wuta ta riƙa zuwa da wuri fiye da kima, sai man ya riƙa fashewa ba bisa tsari ba, fistin ya yi ta shan duka har ya tsage ko ya huje.

Yanzu mai karatu ya ƙaddara cewa wani ya ƙera abin saiti, ya miƙa wa ɗan aike, ya rubuta masa kwatance kamar haka: "Wannan yana saita injin mota domin ƙara masa ƙarfi." Sa'an nan ga gurbi guda an rubuta "rabo", ga wani an rubuta "lokaci". Wannan misali ni na ƙaga shi, amma duk wanda ya taɓa karanta takardar da ke cikin kwalin kaya ya san irinsa. A duba da kyau, babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki. Lalle abin yana saita inji, lalle yana iya ƙara ƙarfi. Da jarrabawar "gaskiya ko ƙarya" za a yi masa, da ya cinye. Amma kuwa daidai yake da baƙo ya sauka a tasha ya tambaye ka gidan wane, ka ce masa, "Ai yana cikin gari." Ba ka yi ƙarya ba, ba ka kuma yi kwatance ba. Daga nan na fara gane cewa gaskiya kaɗai ba ta isa ma'auni ba, ko da yake in babu ita sauran duk banza ne.

A ɗauki gurbin nan na "rabo". Masu saiti suna da hanya biyu ta faɗar gaurayen iska da mai. Wasu sukan faɗi lambar kai tsaye, su ce 14.7. Wasu kuma sukan yi amfani da wani ma'auni da ake kira lamda, wanda a cikinsa wannan gauraye ɗin dai shi ne 1.0. Abu guda, lamba biyu, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta kusa ninki goma sha biyar. Har wa yau, in an canza mai lissafin farko yakan canza, domin man da galibinsa barasar itanol ce yana bukatar iska wajen awo 9.8 ne kurum, alhali lamda tana nan a 1.0 ɗinta. Wani abin da ya fi wannan haɗari shi ne, a duka hanyoyin biyu ƙara lambar rage mai ne. Mai mota ya ce wa ɗan aike, "Ƙara mata mai kaɗan," ɗan aike ya dubi gurbi ya ga ba a gaya masa kome ba, ya yi tsammanin yawan mai ake nufi, ya ɗaga lamba. Ya yi biyayya iyakar biyayya, ya kuma yi kishiyar abin da aka sa shi. Haka gurbin "lokaci": digiri nawa, kafin fistin ya kai ƙololuwa ko bayan ya wuce?

Kada a ce wannan ƙaramin abu ne da ba ya samun masu hankali. Ranar 23 ga Satumba 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta yi hasarar kumbon da ta aika duniyar Mars, bayan ya yi tafiyar fiye da wata tara. Bincike ya nuna wata manhaja tana ba da lissafin ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuwa tana ɗauka da ma'aunin niwton aka ba ta, kuma bambancinsu ninki 4.45 ne. Kumbon da aka so ya wuce ta nisan kilomita 226 daga doron Mars sai ya gangaro zuwa wajen 57, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kowace manhaja a cikin biyun ta yi lissafinta daidai. A tsakaninsu ne aka faɗi.

Sai kuma abin da kwatancen namu bai ko taɓo ba, watau shin abin nan dubawa kawai yake yi, ko rubutawa? In ya rubuta, yana ajiye tsofaffin lambobin ko shafe su yake yi? Inji a kashe ake so ko a kunne? Masu wannan sana'a sun san cewa in batir ya yi sanyi ko waya ta zare ana tsakiyar rubuta wa ƙwaƙwalwar mota sabon jadawali, tana iya mutuwa ɗungurungum, mota ta ƙi tashi. Duk yaron gareji da ya shekara biyu ya san irin waɗannan, ba don an rubuta masa ba. Ya gani an yi, ya ji ƙaurin abin da ya ƙone, ya ga yadda fuskar maigidansa ta canza, wataƙila ma ya sha ranƙwashi. Kafin a bar shi ya taɓa motar mutane, ya daɗe yana miƙa sifana. Ɗan aiken na'ura kuwa ranar da aka ɗauke shi ranar ake miƙa masa makulli. Ya karanta littattafan kanikanci fiye da kowane bakanike, wannan gaskiya ne, amma wannan abin saiti na musamman da wane ya ƙera jiya, ba ya cikin kowane littafi.

A nan wani zai tare ni, kuma yana da hujja. Zai ce, in haka ne ai babu kwatancen da zai taɓa cika. Wani masani, Michael Polanyi, ya rubuta littafi a 1966 a kan cewa babban kashi na ilimin mai sana'a a hannunsa da idonsa yake, ba ya zubuwa cikin kalmomi. Ka tambayi tsohon bakanike yaya ya gane tayimin ya yi sama, ya ce maka, "Ba ka ji ba?" To yaya za a rubuta "ba ka ji ba" a takarda? Bugu da ƙari, tsawaita kwatance shi ma cuta ne. Ɗan aike yakan riƙe kwatancen kayan aiki da dama a lokaci guda, duk yana karanta su kafin ya zaɓa. In kowanne ya zama littafi, gargaɗin da ke da muhimmanci sai ya nutse a cikin tarkace, kamar yadda mu ma ba ma karanta dogayen sharuɗɗan nan da ake nuna mana a waya kafin mu danna "na yarda". Wanda ya rubuta shafi goma yana iya zama ya fi mai layi guda ɓoye gaskiya, kuma in an kama shi ya ce, ai ga shi nan a shafi na takwas.

Na yarda da wannan suka, amma ba ta rushe maganar ba, gyara ta ta yi. Tun da ba za a iya faɗar kome da kome ba, ashe kwatance zaɓi ne, kuma a kan zaɓin ne za a yi wa marubuci hukunci. Me ya ga ya cancanci faɗa, me ya bari? A ganina, abin da ya fi cancantar wuri a cikin 'yan layukan shi ne abin da mai karatu ba zai iya cankar sa da kansa ba, kuma in ya canka ba daidai ba ɓarnar ba ta gyaruwa. Ɗan aike ba ya bukatar a koya masa mene ne fistin. Yana bukatar a gaya masa cewa wannan maɓalli in an danna ba a dawowa.

Duniya ta ga abin da barin irin wannan ke jawowa, a wurin da masu karatun ma mutane ne ƙwararru. Jirgin Boeing 737 MAX ya zo da wata manhaja mai dunƙufar da hancin jirgi da kanta in ta ga kamar ya ɗaga da yawa, kuma ba a yi bayaninta a littafin matuƙa ba. Ranar 29 ga Oktoba 2018 jirgin kamfanin Lion Air ya faɗa teku a Indunusiya da mutum 189, matuƙansa suna kokawa da abin da ba a gaya musu yana nan ba. Ranar 10 ga Maris 2019 na Habasha ya faɗi da mutum 157. Ba rashin bayani kaɗai ya jawo ba, ƙirar kanta tana da aibi, domin manhajar ta dogara ne ga ma'auni guda ɗaya tak, kuma zan dawo kan wannan. Amma littafin matuƙan nan kauri gare shi. Abin da aka bari ne ya fi duk abin da aka rubuta nauyi.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tunkarar wannan matsala ta wata ƙofa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an halatta sayar da abin da ba ya nan a bisa siffantawa, har da ƙunshin kaya da ba a kwance ba, a bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, an kuma hana ɓoye aibi. Hikimar da na gani a nan ita ce, siffa tana tsayawa ne a matsayin ido. Mai saye ya ajiye idonsa ya ari bakinka, saboda haka duk abin da idonsa zai gani ya fasa ciniki, wajibi ne bakinka ya faɗa. Da wannan nake auna kwatancen abin saiti: da ɗan aike yana da ido ya ga cikin abin, me zai sa ya dakata? Wannan shi ne abin da za a rubuta. Kuma wanda ya ƙera ba shi da uzurin rashin sani, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masu ƙa'idar MCP sun ɗan hango wannan. A gyaran da suka yi mata a watan Maris na 2025 sun ƙara wasu alamomi da maƙeri zai iya liƙa wa kayansa, ya nuna ko dubawa kaɗai yake yi, ko yana iya rushe abin da ya tarar, ko maimaita shi na ƙara wani tasiri. Abin da ya burge ni shi ne hukuncin da suka yanke wa shiru. In maƙeri bai ce kome ba, ana ɗauka abin nasa yana canza abubuwa, kuma yana iya rushewa. Watau shiru ba ya wanke kowa. Sai dai su da kansu sun ce alamomin nan ishara ce kawai, kada a dogara da su in ba a amince da wanda ya liƙa ba. Ashe an koma gidan jiya: takarda ba ta fi mai rubuta ta gaskiya ba.

To wa zai yi alƙalancin? Hanya mafi sauƙi, wadda kuma ake bi, ita ce a miƙa kwatancen ga wata manhajar ta karanta ta ba da maki: shin ya faɗi manufa, shin ya bayyana gurabe, shin ya ce yaushe za a yi amfani da shi, shin bai yi tsawo ba. Wannan yana da amfani, yana kama malalaci mai layi guda. Amma alƙalin nan kalmomi kawai ya gani, shi ma bai ga abin saitin ba. Makaho ne ke duba aikin da aka yi wa makaho. In na rubuta da kyakkyawar Hausa cewa abin saitina yana ajiye tsofaffin lambobi kafin ya rubuta sababbi, alhali ba ya yi, zan ci maki fiye da mai gaskiyar da ya yi shiru a kan batun. Mu da muke rubuta jarrabawa mun san wannan sarai, mun san bambancin amsar da aka sani da amsar da aka yi wa ado, kuma mun san wani lokaci adon yakan wuce.

Wani masanin tattalin arziki na Ingila, Charles Goodhart, ya lura tun 1975 cewa da zarar an mai da ma'auni abin da ake fafutukar cimma, sai ya daina auna abin da aka ƙirƙire shi dominsa. Kuma babban misalin wannan daga cikin ƙwaƙwalwar mota ya fito. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa masu shan dizal wata manhaja mai gane lokacin da ake gwada su. In ana gwaji sai mota ta natsu ta fitar da hayaƙi kaɗan, in ta hau titi sai ta riƙa fitar da iskar guba har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci wajen miliyan 11 abin ya shafa a duniya. Motar da ta koyi cin jarrabawa ke nan. Kwatance ma yana iya koyon haka, ya zama an rubuta shi domin alƙali, an manta da ɗan aike da injin da ke jiransa.

Sai a ce, to a bar karatu a koma ga aiki, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A ba ɗan aike kwatancen, a sa shi ayyuka iri-iri a kan injin gwaji, har da ayyukan da ya kamata ya ƙi ko ya tsaya ya yi tambaya, a ga abin da zai yi. Wannan ya fi, nesa ba kusa ba, kuma duk alƙalancin da bai kai nan ba ni ban ɗauke shi cikakke ba. Amma shi ma yana da rami. Ɗan aike mai wayo yakan canki abin da ba a faɗa masa ba, ya dace sau tara cikin goma, sai a yaba wa kwatancen alhali sa'a ce ta yi aiki. Masana falsafa biyu, Bernard Williams da Thomas Nagel, sun yi muhawara a 1976 a kan wannan, watau yadda muke yaba wa mutum ko mu zarge shi saboda sakamakon da ba ya hannunsa. Direbobi biyu suka yi ganganci iri ɗaya, yaro ya gitta gaban ɗaya, bai gitta gaban ɗayan ba. Mukan kira na farko mai kisa, na biyu kuwa ko tuna shi ba ma yi. Marubucin da ya bar gurbin "rabo" babu bayani ya riga ya yi gangancinsa tun ranar da ya ajiye alƙalami, ko inji ya buga ko bai buga ba. Saboda haka alƙalin kirki sai ya riƙe abu biyu a hannu, kwatancen da abin da aka kwatanta, ya buɗe cikin abin ya ga ko sun dace. Aiki ne mai wuya da tsada, shi ya sa ake gudunsa.

Yanzu ga tambayar da na sa a kai. Wani abokin karatuna yana da ra'ayin cewa duk wannan magana ta alhaki ba ta da wurin zama, domin ƙarya sai ga mai hankali, na'ura kuwa ba a cutar ta, ba ta da injin da za ta yi hasara, ba ta da zuciyar da za ta ɓaci. Ko da na sallama masa wannan duka, ban ga ya tsira ba. Wanda ya bubbuge gindin mudu ya tauye shi, ai bai cuci mudu ba, kuma ba wanda zai ce don haka bai yi laifi ba. Mudun hanya ce kawai da cutar ta bi ta isa ga mai saye. Haka kwatancen ƙarya yake bi ta cikin ɗan aike ya isa ga mai mota, wanda bai taɓa karanta shi ba, galibi bai ma san akwai shi ba. Wannan ya ƙara wa laifin nauyi, domin mutum in ka yi masa ƙarya ido da ido yana da damar ya dube ka ya yi shakka. A 2025 masu binciken tsaro sun nuna cewa ana iya cusa umarni na ɓoye a cikin kwatancen kayan aiki, ɗan aike ya karanta ya bi, ya kwashi asirin maigidansa ya miƙa wa wani, shi kuwa maigidan bai ga kome ba. Wannan sata ce a fili. Amma akwai ƙanwarta da ba a cika kira da sunanta ba, watau kwatancen da ya rikiɗe ya zama kirari, yana cewa shi ne ya fi kowa, a riƙa zaɓarsa a kowane hali. Kirari a bakin maroƙi ba ya cutar kowa, domin duk mai saurare ya san kirari ne. Ɗan aike kuwa yana iya ɗaukarsa bayani.

Ba na cewa ɗan aike da masu ƙera shi ba su da nasu kaso. Matambayi ba ya ɓata, kuma ɗan aiken da ya ga gurbi babu ma'auni ya cike da ka, maimakon ya koma ya tambaya, an yi masa mummunar tarbiyya. Ƙa'idar ma ta ce ya kamata a sami mutum a tsakani wanda zai iya hana aiki kafin a zartar. Amma a duba abin da ake nuna wa mutumin: sunan abin, da lambobin da za a aika, sai a ce ya yarda ko bai yarda ba. In shi ba bakanike ba ne, me 15.5 za ta gaya masa? Yardarsa ba ta wuce sa hannun wanda bai iya karatu ba. Kuma in an tambaye shi sau talatin a yini, na talatin da ɗaya ba zai duba ba.

Ga kuma abin da na ce zan dawo kansa. Kyakkyawan kwatance ba ya wanke mummunar ƙira. Wanda ya haƙa rijiya a bakin hanya ya kafa allo ya rubuta "a yi hankali", ya fi wanda bai kafa ba, amma murfi ake bukata. Abin saitin kirki shi da kansa zai ƙi karɓar lambar da ta fita iyaka, ya ƙi rubutu in batir ya yi sanyi, ya ajiye tsohon jadawali ko an sa shi ko ba a sa shi ba. In alƙali ya ba kwatance maki cikakke saboda ya jera haɗurra goma da maƙeri zai iya toshewa bai toshe ba, to ya saka wa mutum ne don ya iya ba da labarin sakacinsa. Sai dai akwai abin da murfi ba ya rufewa. Abin saiti ba shi da hanyar sanin ko motar ta filin tsere ce ko ta kai yara makaranta. A Amurka doka ta hana kashe na'urorin tace hayaƙi a motar da ke hawa titi, kuma sau da yawa ƙarin ƙarfin da ake nema a dizal da ƙarin hayaƙi yake zuwa. Mai mota ya ji daɗi, ɗan aike ya cika aike, maƙeri ya sami ciniki, wanda ke tsaye a bakin titi yana talla kuwa shi ke shaƙa, kuma ba a tambaye shi ba. In akwai wurin da za a ajiye masa kalma guda a cikin wannan ciniki duka, to a cikin kwatancen ne.

Da ni aka ba aikin, ga yadda zan rubuta: "Wannan yana rubuta sabon jadawalin mai da na wuta a ƙwaƙwalwar mota, yana shafe na da. Kafin a kira shi, a fara kiran abin da ke kwafe tsohon jadawali. Inji a kashe, makulli a buɗe, batir a kan caja, kuma in rubutu ya katse mota tana iya ƙin tashi. Gurbin rabo da lamda ake cike shi, ƙara lamba rage mai ne. Gurbin lokaci digiri ne kafin ƙololuwa. Ba ya jin ƙarar inji, saboda haka ba zai san in saitin ya yi yawa ba. Canjin yana iya ƙara hayaƙi har ya saɓa wa doka. In abin da ake so duba lambobi ne kawai, ba wannan za a kira ba." Layi takwas ke nan ko tara, kuma fiye da rabinsu aibin abin suke faɗa. Na san mai neman kasuwa zai so ya soke jimlar nan ta rashin jin ƙarar inji, domin tana rage wa hajarsa kwarjini, mai ƙidayar kalmomi kuma zai ce ba ta bayyana wani gurbi ba. Ni kuwa ita zan fi riƙewa, domin ita ce za ta sa ɗan aike ya koma wurin mai mota ya ce a nemo bakanike ya tsaya kusa da inji kafin a taka totur.